Tawadar Tsoka: Kada A Sake Yin Irin Ta Kuza

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna a asibiti ya san cewa ranar da aka kashe wutar, ranar ce wahala take somawa. Fata ita ce suturar da Allah ya lulluɓe ɗan Adam da ita. Ita ke riƙe ruwan jiki kada ya tsiyaye, ita ke tare ƙwayoyin cuta kada su sami ƙofar shiga. Idan wuta ta ci fata har ta zarce ƙasa, ba ta sake tsirowa kamar da, sai likita ya feƙe wata siririyar fata daga cinya ko gadon baya ya dasa a kan gyambon. To, idan rabin jikin mutum ne ya ƙone fa, daga ina za a feƙo?

Mutanen Jos ba baƙin wannan tambaya ba ne. Ran 20 ga watan Mayu na 2014 bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Taminus, mutum 118 a ƙalla suka rasu, aka kwashi masu rauni da ƙuna zuwa asibitocin garin. A watan Oktoba na 2024 wata tankar mai ta kama da wuta a garin Majiya ta Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka halaka. Ban da irin waɗannan manyan masifu, akwai ƙunar yau da kullum wadda ba ta shiga jarida: yaron da ya faɗa kaskon wuta da sanyin hunturu, da wanda ruwan zafi ya kwaranyo wa, da matar da risho ya fashe mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara, mafi yawansu kuwa a ƙasashe matalauta da masu tasowa.

Saboda haka ne filin na wannan mako ya waiwayi wani ilmi da masana ke ta faman bincike a kansa, watau ilmin ɗab'in sassan jiki, musamman ma tawadar da ake yin ɗab'in da ita. Mai karatu na iya cewa wannan zancen Turai ne da Amurka. Amma idan ya ji abin da ake haɗa tawadar da shi, zai ga cewa maganar ta biyo ta ƙofar mayankar garinsu.

YADDA AKE ƊAB'IN

Injin ɗab'i da aka saba da shi yana shimfiɗa tawada ne a kan takarda sau ɗaya. Shi kuwa wannan injin sai ya shimfiɗa sawu ɗaya, ya hau kansa ya shimfiɗa wani, ya yi ta ɗorawa har abu ya tashi tsaye, kamar yadda mai ginin tukwane take murza yumɓu tana naɗawa har randa ta kammala. Kwamfuta ce ke gaya wa injin siffar da ake so, bayan an ɗauki hoton jikin majinyaci an auna tsawo da faɗi da zurfin wurin da ya lalace. Tawadar tana fitowa ta bakin wani siririn tsinke mai kama da allurar likita, a cikinta kuwa akwai ƙwayoyin halitta masu rai.

Wani masani a Jami'ar Clemson ta Amurka, Thomas Boland, yana daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki. Wajen 2003 ya ɗauki injin ɗab'i irin na ofis, ya wanke mazubin tawadarsa, ya zuba ƙwayoyin halitta, ya nuna cewa za su iya fitowa ta bakin injin ba su mutu ba. Tun daga lokacin aka gane cewa ƙera injin ba shi ne babban aiki ba. Tawadar ce ke ba da wuya, domin ana son ta da ruwa-ruwa yadda za ta bi ta tsinke, sa'an nan ta daskare nan take ta riƙe siffarta, kuma ƙwayoyin da ke cikinta su sami wurin zama da ya yi musu daɗi.

Da farko an yi ta gwada abubuwan da aka samo daga ciyawar teku da waɗanda aka harhaɗa a ɗakin bincike. Sukan tsaya da kyau, amma ƙwayoyin halitta sukan zauna a cikinsu kamar baƙon da bai san garin ba, ba sa yaɗuwa sosai, ba sa kama aiki yadda ya kamata. Daga nan masana suka koma ga jikin kansa.

SAƘAR DA KE RIƘE DA JIKI

Kowane sashe na jiki abu biyu ne a haɗe. Akwai ƙwayoyin halitta, akwai kuma wata saƙa da suke zaune a cikinta, wadda su da kansu suka saƙa. Misalinsu kamar ƙudan zuma ne da saƙarsa: in aka kori ƙudan, saƙar tana nan da ɗakunanta. Mafi yawan zaren wannan saƙa wani sinadari ne da ake kira kolajen. Duk matar da ta taɓa dafa farfesun ƙafar sa ta bar shi ya kwana ta san shi, domin shi ne ke narkewa cikin romo, da safe a tarar ya daskare yana rawa. Ganda ma kusan dukanta shi ne.

Abin da ya sa jikin mutum yake ƙin tsokar wani mutum ko ta dabba, yawancinsa yana tattare ne da ƙwayoyin halittar. Ita saƙar kuwa, ta sa da ta akuya da ta mutum sun yi kama da juna ƙwarai. Don haka idan aka wanke ƙwayoyin sarai aka bar saƙar, jiki yakan karɓe ta da sauƙi. A 2008 wata masaniya, Doris Taylor, da abokan aikinta a Jami'ar Minnesota suka ɗauki zuciyar ɓera suka yi ta ɗura mata ruwan sabulu ta hanyoyin jininta har ta koma fara sol, babu sauran ƙwaya a ciki. Suka zuba mata ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye, cikin kwana takwas ta soma harba ruwa, ko da yake ƙarfinta bai wuce kashi biyu cikin ɗari na zuciyar babban ɓera ba.

Mayar da wannan saƙa tawada kuwa, aikin ya fito fili ne a 2014, sa'ad da Farfesa Dong-Woo Cho da mutanensa na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Pohang a Koriya ta Kudu suka bayyana yadda suka haɗa tawada iri uku: ta kitse, da ta guringuntsi, da ta tsokar zuciya. Ga yadda ake yi a taƙaice. A yanyanka tsokar ƙanana, a wanke ta da sabulu na musamman kwana da kwanaki, a ɗauraye har sabulun ya fita, a busar da ita cikin sanyi, a niƙe ta ta zama gari. Sa'an nan a jiƙa garin cikin ruwa mai tsami tare da irin sinadarin da tumbi ke narka nama da shi, har ya zama kamar koko. A kashe tsamin, a ajiye cikin sanyi, a gauraya da ƙwayoyin halitta. Abin mamaki shi ne halin wannan tawada ya saɓa da na farfesu. Cikin sanyi take zama ruwa, da ta ji ɗumi irin na jikin mutum, watau awo 37 a ma'aunin zafi, sai ta daskare.

Babban abin da mutanen Pohang suka gano shi ne kowace saƙa tana riƙe da halin gidansu. Akwai wasu ƙwayoyin halitta na asali waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Da aka zuba su cikin tawadar guringuntsi sai suka karkata ga zama guringuntsi, waɗanda aka zuba cikin ta kitse suka karkata ga zama kitse. Ashe saƙar har tarbiyya take yi wa mazauna cikinta.

INDA AKA KAI, DA INDA BA A KAI BA

A 2019 masana a Jami'ar Tel Aviv, ƙarƙashin Farfesa Tal Dvir, suka ɗebi kitsen cikin wani majinyaci, suka raba ƙwayoyin da saƙar, suka mai da saƙar tawada, suka buga wata 'yar zuciya da ba ta wuce ta zomo girma ba. Tana da siffar zuciya, amma ba ta iya harba jini ba. A 2022 kuma likitoci a Jihar Texas ta Amurka suka dasa wa wata budurwa 'yar shekara 20, wadda aka haifa da naƙasasshen kunne, sabon kunnen da aka buga da tawadar kolajen da ƙwayoyin guringuntsinta.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya, kada marasa lafiya su sa rai ga abin da bai iso ba. Har yanzu babu inda aka buga cikakkiyar zuciya ko ƙoda ko hanta aka dasa wa mutum. Dalili kuwa shi ne ƙwayar halitta ba ta rayuwa idan ta yi nisa da hanyar jini fiye da wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Fata da guringuntsi sirara ne, ko kuwa ba su da bukatar jini mai yawa, shi ya sa aka fi samun ci gaba a kansu. Ƙoda kuwa cike take da hanyoyin jini waɗanda suka fi gashi siranta, babu injin da ya iya shimfiɗa su duka tukuna. Bugu da ƙari, tawadar tsoka tana da laushi, ba ta ɗaukar nauyi sai an yi mata madogari, kuma wadda aka haɗa yau takan bambanta da ta gobe, tun da dabbar da aka yanka yau ba ita ce ta gobe ba.

Gaggawa a wannan fage ta riga ta ci rayuka. Daga 2011 wani likita mai suna Paolo Macchiarini ya dasa wa mutum uku maƙogwaron roba da aka shafa wa ƙwayoyin halitta a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin, ba tare da an gama gwajin da ya kamata ba. Na farkonsu wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Eritriya. Dukansu uku sun rasu, a 2023 kuma kotu ta ɗaure likitan shekara biyu da rabi. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah.

ABIN DA KE HANNUN FILATO

Yin magani da sassan dabba ba sabon abu ba ne. Zaren da likitoci suka daɗe suna ɗinki da shi a tiyata, wanda ke narkewa cikin jiki, da hanjin tumaki da na shanu ake yin sa. Tantanin da ke lulluɓe da zuciyar sa, shekaru da dama ke nan ana ɗinka ƙyauren zuciya da shi ana sa wa mutane. Irin waɗannan kaya idan suka iso asibitocin ƙasar nan, daga waje suke zuwa da tsadar kuɗin waje, alhali kuwa kullum safiya ana fiɗar shanu da awaki a mayankar Jos da ta Bukuru, da jijiyarsu da guringuntsinsu da tantaninsu da mafitsararsu.

Jihar Filato tana da abin da jihohi da yawa ba su da shi. A Vom akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ta kafu a can tun 1924 domin yaƙi da bushiya, cutar nan da ta riƙa share garkunan Fulani, wadda sai a 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya. Ma'aikatan Vom sun shafe shekaru suna renon ƙwayoyin halitta cikin kwalabe suna haɗa allurar rigakafin shanu da kaji, ga su kuma da sanin cututtukan dabbobin ƙasar nan. A cikin gari akwai Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, da asibitin koyarwarta a Lamingo, da asibitin Jankwano wanda ya yi suna wajen gyaran mata masu yoyon fitsari. Likitan dabbobi da likitan mutane da masanin haɗa magunguna, duk ga su nan, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba ce tsakaninsu.

Injin ma ba shi ne abin tsoro ba. A 2018 masana a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka fitar da bayani kyauta na yadda za a juya ƙaramin injin ɗab'in roba ya koma na tsoka da kuɗin da bai kai dala 500 ba. Ba kuma lalle ne a soma da ɗab'i ba. A birnin Fortaleza na ƙasar Burazil, da likitoci suka ga fatar ajiya ta yi musu ƙaranci, sai suka koma ga fatar karfasa, suka tsabtace ta, suka riƙa rufe gyambon ƙuna da ita, ta rage wa majinyata zafi da yawan canjin bandeji. Karfasa kuwa ba baƙuwa ba ce a jihar da aka kafa gonar kifi ta Panyam tun zamanin Turawa.

SHINGAYE UKU

Shinge na farko shi ne tsabta da sanin asali. Abin da za a sa cikin jikin mutum dole a san garken da dabbar ta fito, da allurar da aka yi mata, da likitan da ya duba ta kafin yanka da bayansa. Tarin fuka na shanu da ciwon ɓari wanda Fulani ke kira bakkale suna kama mutane. Ciwon haukan shanu da ya ɓulla a Ingila a 1986 shi ya sa masu haɗa magunguna a duniya suka tsananta bincike kan asalin duk abin da aka samo daga sa. Naman da aka feɗe a ƙasa, aka wanke da ruwan da ba a san tushensa ba, aka ɗora a bayan babur, ba zai taɓa shiga ɗakin tiyata ba. Haka nan wutar lantarki: akwatin renon ƙwayoyin halitta idan ya huce na 'yan sa'o'i, aikin wata guda ya tafi a banza, sanyin Jos kuma ba zai tsaya a madadin firiji ba.

Na biyu shi ne addini da al'ada. Yawancin tawadar da ake gwadawa a ƙasashen waje daga alade ake samo ta, har da ta zuciya da ta guringuntsi da aka haɗa a Pohang. A 1995 an yi taron malamai da likitoci a Kuwait inda aka tattauna hukuncin abin da asalinsa najasa ne amma ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, aka kuma sassauta a kan wanda ya rikiɗe sarai, ko da yake akwai malaman da ba su gamsu ba. Ita saƙar da ake magana a kanta kuwa amfaninta shi ne ba ta gama rikiɗewa ba, don haka tambayar sabuwa ce, tana jiran malaman ƙasar nan. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa tawadar da sassan sa ko akuya ko kifi, dabbar da aka yanka bisa shari'a, wadda Musulmi da Kirista za su karɓa ba tare da ɗar-ɗar ba. Wannan kuwa kasuwa ce da ta wuce iyakar Nijeriya.

Akwai kuma mabiyiya. Tun 1910 likitoci suke rufe gyambo da tantanin da ke lulluɓe da jariri a ciki, yanzu kuma ana haɗa tawada da shi. Amma a ƙasar Hausa mabiyiya ba shara ba ce. Wanke ta ake yi a binne da mutunci. Duk wanda zai nemi ɗaukarta sai ya nemi yardar mai jego da mijinta, ya gaya musu abin da za a yi da ita dalla-dalla.

Na uku shi ne amana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ɗibar wani sashe na jikin mutum sai da yardarsa, ta kuma hana cinikinsa. Doka a takarda ba ta isa ba. Jama'ar Arewa ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda rashin yarda ya tsai da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta. Ranar da aka ji raɗe-raɗin ana sayar da sassan mutane a wani asibiti, ranar aikin ya mutu.

DARASIN KUZA

Dattawan Filato sun ga yadda arziki yake fita daga hannun mai shi. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Turawa suke haƙar kuza a Bukuru da Barikin Ladi da kewayensu, jirgin ƙasa yana kwashe ta ɗanya zuwa bakin teku, ana narka ta a Ingila. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka ta a Makeri, bayan an sha romon fiye da shekara hamsin. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage wa talakawa shi ne ɗaruruwan kududdufai masu cin yara da dabbobi. Fatar jar akuyar Sakkwato ma haka ta yi ta ƙetare hamada har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko.

Idan aka yi sake, haka za a yi da wannan. Wata rana baƙi za su zo su sayi jijiya da tantani a farashin kayan miya, su tace, su zuba a 'yar kwalba, su dawo da ita a farashin da sai mai hannu da shuni.

Abin da ya kamata a yi ba ya bukatar a jira attajiran duniya. Gwamnatin Jihar Filato ta keɓe ɓangare guda a mayankar Jos, mai ruwan famfo da ɗakin sanyi da likitan dabbobi na dindindin, inda za a riƙa rubuta asalin kowace dabba. Cibiyar Vom da Jami'ar Jos su haɗa kai su horar da matasa kan wanke tsoka da auna tsabtarta, su soma da abu mai sauƙi, watau abin rufe gyambon ƙuna, a gwada shi a kan dabbobi tukuna, sa'an nan a nemi iznin hukumar NAFDAC da kwamitocin ladabin bincike kafin a kusanci ɗan Adam. Malaman addinin Musulunci da na Kirista a kira su teburin tun ranar farko, a nuna musu abin da ake yi da idonsu. Sarkin pawa da shugabannin makiyaya su ma a ba su kujera, domin kayan daga hannunsu yake fitowa, ya kamata ribar ta biyo ta kansu.

Mai yiwuwa ne yaron da ke kwance yau da ƙuna a Lamingo ba zai ci moriyar fatar da injin ya buga ba. Amma ƙanensa da 'ya'yansa suna iya ci, in an soma shiri yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyashe mu da sharrin wuta, amin.